Babi na Shida: Kumburin da Ido Ba Ya Gani

Manomin da ƙaya ta soka a gona a Getso ko Lakwaya ba ya buƙatar likita ya gaya masa abin da zai biyo baya. Wurin zai ɗau zafi, ya tasa, ya riƙa zogi, in kuwa ƙayar ta karye a ciki ya tara mugunya. Bayan mako guda ya fashe, ya bushe, fata ta haɗe, a manta. Wannan shi ne kumburi, kuma duk wahalarsa alheri ne: jini ne ya kwararo wurin ɗauke da ƙwayoyin garkuwar jiki, suka kashe abin da ya shigo, suka kwashe naman da ya mutu. Alherin ya rataya ne a kan abu biyu, wato ya fara da wuri, kuma ya tsaya idan aiki ya ƙare. Maganar wannan babi ita ce abin da ke faruwa idan ya ƙi tsayawa, kuma a cikin ƙoƙon kai, inda ba mai gani, ba zogin da zai tona shi, kuma abin da ya mutu ba ya sake tofowa kamar fata.

A ƙwaƙwalwar mutum akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Akasarinsu da su aka haife mu, da su za a binne mu. Wadda ta mutu ta tafi ke nan. Akwai cututtukan da ke cinye su a hankali, shekara da shekaru. Biyu daga ciki duk wanda ya tashi a babban gida tsakanin Garo da Gwarzo ya gan su, ko da bai san sunan da asibiti ke kiransu ba. Ɗaya ita ce ta dattijuwar da ke tambayar mijinta da ya rasu shekara ashirin, ta ci tuwo ta ce an bar ta da yunwa, ta ɗaura ƙullin kaya da tsakar dare wai za ta koma gidansu. Mukan ce gigin tsufa ne, asibiti ya ce cutar mantuwa. Mafi yawansa a wurin likita cutar Alzheimer ce. Ɗayar kuma ta dattijon da hannunsa ke karkarwa yana zaune, tafiyarsa ta koma jan ƙafa, fuskarsa ta daskare, muryarsa ta yi ƙasa. Ita ce cutar Parkinson, wadda duniya ta gani a jikin Muhammad Ali ranar da ya kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu cutar mantuwa sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu, masu Parkinson kuma sun haura miliyan 8.5 a 2019. Wani bincike da aka yi a kan tsofaffi a Zariya, aka wallafa a 2011, ya samu kusan 3 cikin kowane 100 na da cutar mantuwa. Ke nan 97 ba su da ita, kuma wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen cewa tsufa ne kawai.

Lokacin da Alois Alzheimer ya duba ƙwaƙwalwar wata mara lafiyarsa, Auguste Deter, bayan rasuwarta a 1906, ya ga dunƙule-dunƙulen wani furotin a tsakanin ƙwayoyin jijiya, wanda yanzu ake kira amiloyid, da wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikinsu, wato tau. Ya kuma rubuta cewa ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye da jijiyoyin sun sauya kama. Kusan shekara tamanin masana suka riƙe abubuwa biyun farko, na ukun suka ɗauke shi a matsayin 'yan kallo da suka taru bayan ɓarna ta auku.

Waɗannan 'yan kallo su ne maikurogiliya. Wani masani ɗan Sifen, Pío del Río Hortega, ne ya fara bayyana su a 1919. Asalinsu ba jijiya ba ne, 'yan'uwan ƙwayoyin garkuwar jiki ne. Suna shiga ƙwaƙwalwa tun jariri na makonnin farko a ciki, kafin a gina shingen da ke raba jini da ƙwaƙwalwa, daga nan sai su zauna har ƙarshen rai, suna hayayyafa a wurin. Ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba. Kowace na da ɗan ƙaramin jiki da siraran hannuwa masu rassa. A 2005 aka samu damar leƙa su a ƙwaƙwalwar ɓera mai rai, sai aka ga ashe hannuwan ba sa hutawa, miƙewa suke suna janyewa, suna taɓa duk abin da ke kusa, har cikin 'yan awoyi sun laluba yankinsu kaf. In an ji wa wani wuri rauni, cikin mintuna hannuwan sun nufi can.

Mafi kusa da su a rayuwarmu su ne 'yan sintirin ƙauye: 'yan gari ne, sun san kowane lungu, kuma rashinsu masifa ne. Amma duk wanda ya zauna a karkara ya san abin da kan faru idan aka daɗe cikin tsoro: mai gora ya fara ganin ɓarawo a fuskar kowa, wanda aka ɗauka don tsaro ya koma shi ake tsoro.

Ga yadda abin ke tafiya. A fatar maikurogiliya akwai wasu furotin masu gane baƙo, ko ƙwayar cuta ce, ko tarkacen ƙwayar da ta mutu, ko furotin ɗin jiki da ya naɗe ba daidai ba. Da ta ji ɗaya daga ciki sai ta janye hannuwanta, ta dunƙule, ta matsa wurin ta haɗiye shi. Abin da ta haɗiye yana faɗawa wata 'yar jaka mai tsami a cikinta, laisosom, inda ake narkar da shi. Tana cikin haka tana fitar da sinadaran kiran gayya, irin su TNF da IL-1, tare da wasu masu ƙuna da ake kashe ƙwayar cuta da su. Idan baƙon ƙwayar cuta ce, magana ta ƙare cikin kwanaki. Matsalar amiloyid ita ce jiki ne ke yin sa, kullum, kuma dunƙulensa na da wuyar narkewa. Jakar takan cika ta yage, ruwanta ya zuba cikin ƙwayar, wannan ya tayar da wani tarin furotin mai suna NLRP3, shi kuma ya ƙara sakin IL-1. Michael Heneka da abokan aikinsa a birnin Bon na Jamus sun nuna a 2013 cewa ɓerayen da aka cire wa NLRP3 ba su tara amiloyid da yawa ba, kuma ba su yi mantuwa kamar sauran ba. Daga baya suka gano abin da ya fi wannan muni: ɓurɓushin da maikurogiliya mai fushi ke zubarwa yana zama ƙwallon da sabon amiloyid ke taruwa a kai, sinadaran kuma suna ingiza tau ya cukurkuɗe. Datti ya jawo kumburi, kumburi ya ƙara datti.

Akwai ɓarna ta biyu, wadda a ganina ta fi ban tausayi, domin aikin kirki ne aka yi ba a lokacinsa ba. Ƙwayoyin jijiya na magana da juna ta wasu ƙananan mahaɗai, kuma a cikin waɗannan mahaɗai ne abin da muka sani yake ajiye, daga karatun allo har sunan jika. Yaro na da mahaɗai fiye da buƙatarsa, don haka a ƙuruciya akan rage marasa amfani. Beth Stevens da Ben Barres sun nuna a 2007 cewa jiki kan shafa wa raunanan mahaɗai wata alama, furotin mai suna C1q, sannan aka tabbatar maikurogiliya ce ke bin alamar tana cinyewa. A 2016 ɗakin binciken Stevens a Boston ya ga wannan aiki na ƙuruciya ya sake tashi a ƙwaƙwalwar ɓeraye masu irin cutar Alzheimer, tun kafin dunƙulen amiloyid ya bayyana. Da aka toshe alamar, mahaɗan suka tsira. An kuma daɗe da sanin cewa yawan mahaɗan da suka ɓace ya fi yawan amiloyid dacewa da tsananin mantuwar mutum.

Ba maikurogiliya kaɗai ke ɓarnar ba. Akwai wasu ƙwayoyin masu siffar tauraro, astirosait, waɗanda ke ciyar da jijiya, su kwashe rarar sinadaran saƙo, su riƙe shingen jini. A 2017 aka nuna sinadarai uku daga maikurogiliya sun isa su sa astirosait ta bar ciyarwa ta koma fitar da abin da ke kashe jijiya.

Mai hankali zai ce: to, ai ganin 'yan sintiri a wurin gawa ba ya nufin su suka yi kisa. Haka ne, kuma wannan gardama ce ta riƙe fagen shekaru. Abin da ya karya ta shi ne gado. A ƙarshen 2012 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Aisland ɗaya a Landan, suka sanar da cewa ɗan canji a ƙwayar gado mai suna TREM2 yana ninka haɗarin Alzheimer kusan sau uku. A ƙwaƙwalwa, maikurogiliya ce ke amfani da TREM2, da shi take gane tarkace ta kewaye dunƙulen amiloyid. Mutum da canjin ake haihuwarsa, shekara sittin kafin mantuwa, don haka ba za a ce cutar ce ta jawo shi ba. Tun daga lokacin an gano gomman ƙwayoyin gado masu alaƙa da Alzheimer, kuma kaso mai yawa na aiki ne a maikurogiliya. A lura da wani abu: canjin TREM2 rage wa ƙwayar ƙarfi yake yi, ba ƙara mata ba. Ke nan ragon mai gadi ma haɗari ne, ba mai zafin hannu kaɗai ba.

Mu ma muna da namu a wannan fage. A 2023 wani babban bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa, wanda akasarin marasa lafiyar cikinsa 'yan Najeriya ne, ya gano wani canji a ƙwayar gado GBA1 da ya yawaita a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma, ba a kuma cika samunsa a Turawa ba. Wanda ya gaje shi daga ɓangare ɗaya haɗarinsa na Parkinson ya kai ninki ɗaya da rabi, wanda ya gada daga uwa da uba kusan ninki uku da rabi. GBA1 kuwa aikinta a cikin laisosom ne, jakar nan ta narkar da shara. Amma gado ba hukunci ba ne. Binciken da Farfesa Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie suka fara a 1992 ya bi tsofaffin Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis na Amurka. Sakamakon 2001 ya nuna a kowace shekara kashi 1.35 cikin ɗari na mutanen Ibadan ke kamuwa da mantuwa, na Indiyanafolis kuwa kashi 3.24. Asali kusan ɗaya, rayuwa daban. Mutanen Ibadan sun fi ƙarancin hawan jini da ciwon suga da kitse a jini.

A Parkinson ɓarnar na aukuwa ne a wani ɗan baƙin wuri can ƙasan ƙwaƙwalwa, inda ƙwayoyin jijiya 'yan dubu ɗaruruwa kacal ke samar da dofamin, sinadarin da ke sa motsi ya tafi sumul. Waɗannan ƙwayoyi wahalallu ne tun asali. Kowace na da rassa masu ɗimbin yawa da take ciyarwa, ba ta daina bugawa dare da rana, ga ƙarfe da ya taru a yankin, shi kuwa ƙarfe yana ƙara wa sinadarai masu ƙuna dafi. In ɗaya ta mutu, baƙin launin da ke cikinta ya zube waje, maikurogiliya ta ɗauke shi a matsayin baƙo, ta tashi, na kusa su sha wuya. Kafin hannu ya fara rawa, kusan rabin ƙwayoyin sun riga sun tafi. Patrick McGeer da matarsa Edith, a Kanada, su ne suka nuna a 1988 cewa wannan wuri cike yake da maikurogiliya masu fushi a gawar masu cutar.

Labarin da ya fi shafar manomi ya faro ne daga 'yan ƙwaya. A 1982 a jihar Kalifoniya wasu matasa suka yi wa kansu allurar jabun hodar maye da ta gurɓata da wani sinadari, MPTP. Cikin kwanaki suka sandare, kamar tsofaffin da suka shekara ashirin da Parkinson. Likitan da ya gano musabbabin, William Langston, ya duba ƙwaƙwalwar uku daga cikinsu bayan sun rasu, ya wallafa a 1999. Tsakanin allurar da mutuwarsu shekara 3 zuwa 16 ne, gubar ta fita daga jiki tun tuni, amma ya tarar maikurogiliya na nan a tsaye kan jijiyoyin, kuma jijiyoyin na kan mutuwa.

Abin da MPTP ke rikiɗewa ya zama a cikin jiki ya yi kama ƙwarai da farakwat, maganin kashe ciyawar nan da ke ƙone ganye cikin yini guda. Wanda ya bi titin Kano zuwa Gwarzo da farkon damina, ko ya leƙa lambunan rani na bakin dam ɗin Guzu-Guzu da Magaga a Kabo, ya san hoton: saurayi goye da injin feshi, ba safar hannu, ba takunkumi, silifa a ƙafa, ruwan maganin na tsiyaya a gadon bayansa, in bakin injin ya toshe ya sa baki ya hura. Ba laifinsa ba ne. Kuɗin 'yan ƙwadagon noma ya yi tsada, feshi ya fi sauƙi. Wani bincike a kan manoman Amurka da aka wallafa a 2011 ya samu masu amfani da farakwat sun ninka sauran kamuwa da Parkinson sau biyu da rabi, a jikin ɓeraye kuma maganin na tayar da maikurogiliya ya kashe ƙwayoyin dofamin. Masu sarrafa shi na musun cewa shi ke jawo cutar a jikin mutum, wasu binciken ma ba su ga alaƙar ba. Duk da haka Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sanar da janye shi daga 2024. Ra'ayina shi ne ba sai an gama gardamar ba kafin a sa doguwar riga da takalmin roba, a daina feshi ana fuskantar iska, a daina zuba ruwan sha ko man gyaɗa a jarkar da ta ƙare.

Ba feshi kaɗai ke taɓa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, akasari a Arewa, ta kashe fiye da 11,000, kuma kurumta da raunin fahimtar da ta bar wa waɗanda suka tashi, kaso mai yawa aikin kumburin jikinsu ne, ba na ƙwayar cutar kaɗai ba. A Yuganda an bi yaran da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, aka samu ɗaya cikin huɗu na da raunin fahimta bayan shekara biyu. Waɗannan rauni ne na lokaci guda. Ƙyanda kuwa takan yi abin da ya fi kama da maganarmu: a wasu 'yan tsirarun yara, musamman waɗanda suka yi ta kafin shekara biyu, ƙwayar cutar kan laɓe a ƙwaƙwalwa, bayan shekara bakwai zuwa goma yaro ya fara mantuwa, sai fizge-fizge, sai kwanciya, sai rasuwa. A ƙwaƙwalwar wasunsu an samu cukurkuɗaɗɗen tau irin na tsofaffi. Allurar ƙyanda kyauta ce a asibitin sha-ka-tafi. Sai buguwar kai: hoton ƙwaƙwalwa ya nuna maikurogiliya na nan a tashe har shekara 17 bayan mummunan hatsari guda ɗaya, mu kuwa a kan babur muke yini, hular kwano sai dai a ga hotonta.

To me zai hana a sha maganin kumburi a huta? An gwada. Ganin cewa masu ciwon gaɓɓai da ke yawan shan irin waɗannan magunguna kamar ba su cika yin mantuwa ba, sai aka ɗauki tsofaffi sama da 2,500 a Amurka daga 2001, aka riƙa ba wasu nafuroksin, wasu selekoksib, wasu kuma na bogi. An dakatar da gwajin a Disamban 2004 saboda tsoron illa ga zuciya, kuma bai kare kowa ba. Wani sabon magani da aka ƙera don zaburar da TREM2 shi ma ya faɗi gwaji a 2024. Dalilin a fili yake ga wanda ya bi bayanin sama: ƙwayar da ke ɓarnar ita ce ke sharar, kuma abin da take yi a shekarar farko ba shi take yi a ta goma sha biyar ba. Don haka mai tallan magani a kasuwa da ke cewa ƙullinsa na wanke ƙwaƙwalwa, ko ɗan kemis da ke haɗa wa tsoho diklofenak da ibufurofen kullum, gyambon ciki da ciwon ƙoda kawai suke sayar masa. Abin da ke da hujja ba shi da armashi. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 da ya ce in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar mantuwa, ciki har da hawan jini, ciwon suga, taba, hayaƙi, buguwar kai, rashin ji, kaɗaici da ƙarancin karatu a ƙuruciya. Da yawansu ta hanyar jijiyoyin jini da kumburi suke isa ƙwaƙwalwa. Mai karkarwa kuma yana da magani, lebodofa, wanda ba ya tsayar da cutar amma yakan maido wa mutum tafiyarsa da cin abinci da hannunsa na shekaru. Likitocin jijiya na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna duba irin waɗannan.

Saura abu guda, wanda ya fi kowanne amfani a cikin gida. Shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ba ya hana labari wucewa. In ciwo ya kama huhu ko mafitsara, sinadaran kumburi na isar da saƙo ta bangon jijiyoyin jini da kuma wata doguwar jijiya da ta taso daga ciki zuwa kai. Shi ya sa mai zazzaɓi ke jin kasala da ƙin mutane. A ƙwaƙwalwar saurayi maikurogiliya kan amsa a hankali ta lafa. A ta tsoho, musamman wanda mantuwa ta fara taɓawa, tana nan a ɗane, ƙaramin saƙo sai ta mayar da martani mai yawa. Clive Holmes da abokansa a Sawsamtin ta Ingila sun bi masu Alzheimer 300 na wata shida, suka wallafa a 2009 cewa waɗanda wani ciwo ya kama a tsakani, ƙwaƙwalwarsu ta ninka saurin lalacewa.

Saboda haka, mai karatu, ka bambanta abu biyu. Mantuwar da ta ɗauki shekara biyu tana ƙaruwa daban, ruɗewar da ta zo cikin kwana biyu daban. In Baba ko Inna sun kwana lafiya jiya, yau suna sambatu, ba su gane ɗaki ba, suna barci da rana suna fama da dare, kada a ce gigi ne ya ƙaru, kada a tsaya neman wanda ya yi sammu, kada kuma a kulle su a ɗaki. Addu'a ba ta hana ɗaukar mota. A kai su Babban Asibitin Gwarzo ko asibiti mafi kusa a ranar, a roƙi a duba zazzaɓin cizon sauro, da fitsari, da ƙirji, da sugan jini, a kuma tafi da duk magungunan da suke sha a nuna wa likita.